Bindigar da Na Yanka da Hannuna

Abubuwa da yawa sun faru da ni a zaman London waɗanda yanzu sai matata ta tuna mini kafin in tuna. Amma akwai wata safiyar Asabar da ko tsufa ya cinye mini ƙwaƙwalwa ba na jin zai iya tafiya da ita. Ita ce safiyar da na yanka bindigata gunduwa-gunduwa a gaban ɗan sanda da surukina, alhali kowannensu yana ganin a hannunsa ya kamata a ce take.

Sai na fara da yadda aka yi ma'aikacin rediyo ya mallaki bindiga, domin duk wanda na ɗauko wa labarin, a nan yake fara tsayar da ni. Ni ɗan maƙera ne. A garinmu, can ƙasar Katsina, mahaifina yana ƙera fartanya da lauje da garma, idan rani ya yi kuma mafarauta su kawo masa bindigoginsu ya gyara. Da zuga wutar maƙera na buɗe ido. Boko ta ɗauke ni daga maƙera, murya ta kai ni gidan rediyo, har na wayi gari a unguwar Aldwych ta London cikin shekarun tamanin, ina fassara labaran duniya ina karanta wa mutanen gida. Aiki ne mai daraja, ban raina shi ba. Sai dai kana rufe baki ya bi iska. Mutumin da ya taso yana ganin abin da aka yi da safe a jingine jikin bango da yamma, irin wannan aiki ba ya ƙosar da hannunsa.

Wani Bature mai kula mana da na'urar sauti ne ya fara kai ni kulob ɗinsu, a ƙarƙashin wata gadar jirgin ƙasa, inda ake harbin takarda da ƙananan bindigogi don gasa. A lokacin doka ta yarda, muddin kana da lasisi. Na nema. 'Yan sanda suka zo gidanmu a Camberwell, suka duba akwatin ƙarfen da na kafe a bango, suka yi mini tambayoyin da na tabbata ba su yi wa abokin nawa rabinsu ba. Na amsa kowace ɗaya yadda nake karanta labarai, ba gaggawa, ba ƙari. Suka ba ni.

Harbin bai taɓa burge ni sosai ba, gaskiya. Cikin bindigar ne ya ja ni. Tsohuwa na saya, kuma sashenta na sama, wanda yake zamewa baya ya dawo idan an harba, wanda ake ce wa silaid, ya riga ya gaji yana kaɗawa. Kowa a kulob ya ce in sayi sabo. Ni kuwa na ji wata masana'anta za ta rufe a kudancin London tana sayar da kayanta, na je na ɗauko ƙaramin injin sassaƙa ƙarfe, na nemi izinin 'yan sanda a kan abin da nake son yi, suka sa mini a lasisi.

Maƙwabcina, wani mutumin Ghana direban bas wanda ya taso a zangon Hausawa na can, shi ya kama mini muka shigar da injin cikin shed, ɗan ɗakin katako da ke bayan gida. Yana haki yana cewa, "Malam, mutane na saya telebijin, kai ka saya wahala. Matanka ya sani kuwa?"

Na ce ta sani.

Ya ce, "To shi ma ya saya wahala."

Sanyi biyu na ci a cikin ɗakin nan. Na lalata ƙarfe ba ɗaya ba, ba biyu ba, kuma duk wanda na lalata ban ɓoye wa hukuma ba. Injin sassaƙa ba ya yafiya. Maƙeri na gida idan ya yi kuskure sai ya mayar wuta ya sake bugu, amma a nan abin da ka cire ya tafi har abada. Na koyi sauraron ƙarar injin kamar yadda nake sauraron muryata a na'ura: akwai sautin da ke cewa lafiya, akwai wanda ke cewa ka yi zari. Ranar da silaid ɗin ya hau jikin bindigar ya zame sumul, ba kaɗawa ba cijewa, na daɗe zaune a kan kujera hannuna duk baƙin mai, ina jin kamar in buga waya gida in gaya wa mahaifina, alhali ya riga ya rasu.

Kafin in ce na gama sai da na yi abin da ake yi a gidanmu. Duk makamin da ya fita daga maƙerarmu, wuƙa ce ko kan mashi ko bindigar da aka gyara, sai an buga masa tambarin gida, wata 'yar alama mai kama da sawun kaza. Ba ado ba ne. Idan makamin ya yi ɓarna, dagaci zai aiko a kira maƙerin ya faɗi wa ya ba. Saboda haka mahaifina ba ya ba kowa makami sai wanda zai iya tsayawa a gaban dagaci ya kira sunansa ba tare da kunya ba. Na buga sawun kazar nan a cikin silaid ɗin, daga ciki, kusa da lambar da hukuma ta sani.

Yanzu sai surukina. Kawun matata ne, yayan mahaifiyarta, kuma shi ya ba ni aurenta. Attajiri ne na Kano mai gida a wata unguwar masu hali a arewacin London, yakan zo da bazara ya ga likita ya duba 'ya'yansa da ke makaranta. Baba nake ce masa. Wata ziyara da ya kawo mana, bayan ya ci tuwon shinkafa da miyar kukar da matata ta je har Peckham ta haɗo kayanta, ya ce ya ji labarin ina ƙira a bayan gida, yana son ya gani. Na buɗe akwatin, na shimfiɗa tsumma a tebur, na ajiye bindigar ba harsashi. Ya miƙo hannu. Na ce, "Baba, a yi mini afuwa, doka ba ta yarda in miƙa wa kowa ba." Ya yi dariya ya shafa ta da ɗan yatsa.

"Kai ka yi wannan? Da hannunka?"

"Saman kawai, Baba."

"Kai, wannan abu ya yi kyau. Wallahi ya burge ni." Ya dube ni, ya sake cewa, "Ya burge ni ƙwarai."

Duk Bahaushe ya san abin da ake cewa a nan. Babba ya yaba abinka, balle suruki, sai ka ce ai an ba ka. Agogo ne, sai ka kwance. Na ga matata daga bakin ƙofar kicin tana yi mini magana da ido. Na ce, "Na gode, Baba," na naɗe tsummana na mayar akwati na kulle. Ya ɗauko wata hirar. Amma mutum irinsa ba ya mantawa, ajiyewa yake yi.

Sai kuma abin nan ya faru a Scotland. Wani mutum mai lasisi irin nawa ya shiga makarantar firamare da ƙananan bindigogi ya harbe yara. Ni aka ba labarin in fassara, ni na karanta shi. Muryata ba ta yi rawa ba, domin an horar da ita kada ta yi, amma da na fito sai da na shiga bayi na daɗe ina wanke fuska. 'Yata a lokacin sa'ar yaran nan ce. Shekarar da ta biyo baya aka kafa doka cewa duk mai ƙaramar bindiga ya rabu da ita kafin cikar wani wa'adi. 'Yan kulob ɗinmu suka fusata, suka yi ta taro suna cewa an hukunta marasa laifi. Ban bi su ba. Ni ma na ji zafi, amma ban ga da wane baki zan yi jayayya da iyayen da suka binne 'ya'yansu ba.

Ana cikin haka Baba ya zo bazara ya aiko in je. Na same shi a falonsa shi kaɗai, na cire takalmi na durƙusa a kan kafet. Bai yi dogon gaisuwa ba. Ya ba ni labarin abin da ya same shi a hanyar Kaduna watanni kaɗan kafin nan: 'yan fashi sun tare motarsa, suka fito da shi, suka sa shi ya kwanta rub da ciki a kan kwalta da babbar rigarsa, a gaban direbansa, wani yaro da bai kai ɗan autansa ba ya taka masa wuya. Yana faɗa yana shafa wuyansa. Ban taɓa ganinsa haka ba, kuma har yau ban ce tsoronsa ƙarya ba ne.

Ya ce, "Turawa za su karɓe abin nan su narkar. Gara ni. Ina da kwantena da za ta tashi, akwai wanda ya san yadda ake yi. Kai dai ka ce musu ɓarayi sun fasa maka gida. Amma kafin nan ka sa injin nan naka ka goge lambar, da wannan 'yar alamar taku ta maƙera da aka ce ka sa."

Na ce, "Wa zai riƙe ta a can, Baba?"

"Ni. Ko yaron nan babba idan muna tafiya."

Yaron nan babba, ɗansa na fari, na san shi. Ya taɓa fasa wa maigadi baki saboda ya yi jinkirin buɗe ƙofa.

A al'adarmu ba a ce wa suruki a'a ido da ido. Sai ka ce to, Allah ya kai mu, ka tashi, daga baya ka nemi wani dattijo ya je ya lallaɓa maka, kowa ya tsira da mutuncinsa. Na san wannan sarai. Amma na kuma san idan na ce to, Baba zai riƙe ni da ita, kuma dattijon da zan aika, a aljihun Baba yake cin abinci. Na dubi kafet na ce, "Baba, ba zan yi ba."

Ya yi kamar bai ji ba. "Me ka ce?"

"Ba zan goge ba, ba zan ce an sace ba, kuma ba za ta shiga kwantena ba. Allah ya huci zuciyarka."

Ya gyara zama. Muryarsa ta yi sanyi, wanda ya fi tsawa muni. Ya ce, "Ka tuna lokacin da ka zo neman yarinyar nan? Duk dangi suka ce ba za a ba ɗan maƙera ba. Ni kaɗai na tsaya. Na ce musu ku bar shi, ilimi ya wanke shi."

Shekaru ina gode wa mutumin nan a kan tsayawar da ya yi mini, kuma har gobe ina godiya. Amma ban taɓa sanin da wace kalma ya tsaya ba sai ranar. Na ce, "Na gode, Baba. Sai dai ban san muna da dauɗa ba. Kuma abin da ake nema a wurina yau, ba a makaranta na koyo shi ba, a maƙerar ne."

Ya kawar da kai. Sannan ya ce, "Ranar Asabar zan zo in ɗauka. Tashi ka tafi."

Kafin in isa gida waya ta riga ni. Na tarar da matata a tsaye a kicin ba ta dafa komai. Ita ba ta taɓa son bindigar ba, ta sha cewa ranar da za ta bar gidan sai ta yi sadaka. Amma ranar ba wannan ne a gabanta ba.

Ta ce, "Malam, Kawu ka ce wa ba za ka yi ba? A fuskarsa?"

"Kina so in ba shi?"

"Allah ya kiyaye! Ni na ce ka ba shi? Amma baki ba shi da wata hanya sai wannan? Ka kai musu abarsu police station gobe, in buga masa waya in ce sun zo da kansu sun tafi da ita, ba yadda muka iya. Shi ke nan. Ya san ƙarya ce, mun san ƙarya ce, kowa ya yi shiru."

Shawara ce mai hankali, kuma da ita aka zauna lafiya a gidaje da yawa. Na ce mata ba zan iya ba. Idan na ɓuya a bayan 'yan sanda, abin da Baba zai ɗauka shi ne na so in ba shi, hukuma ce ta riga shi. Gobe kuma zai dawo da wata buƙatar, domin injin yana nan, hannuna yana nan. Ina so ya san daga ni ne.

Ta ce, "Kai za ka shiga studio ka rufe ƙofa. Ni ce zan zauna cikin mata a gidan suna."

Gaskiya ta faɗa.

Washegari na kira ɗan sandan da ke kula da lasisinmu, wani dogon Bature mai furfura wanda ya saba zuwa duba akwatina. Na tambaye shi ko dole ne sai na miƙa bindigar ɗungurungum. Ya ce wannan ne mafi sauƙi ga kowa, kuma ta nan ne ake biyan diyya. Na ce na karanta dokar, ta yarda mai abu ya lalata abinsa da kansa ya sanar. Ya ce haka ne, amma bai ga dalilin da mutum zai ƙi diyya ya ɗora wa kansa aiki ba. Na ce masa sashenta na sama ni na yi shi, daga dunƙulen ƙarfe, kuma ba zan tsaya a layi in miƙa shi ta taga kamar wanda aka kama da kayan sata ba, a jefa a kwando da na kowa. Ni na yi, ni zan kashe. Abin da nake roƙo kawai ya zo ya gani da idonsa. Ya ce mutanen kulob ɗinmu sun zage shi, sun yi masa kuka, amma ba wanda ya taɓa gayyatarsa jana'izar bindiga. Ya tambayi ranar. Na ce Asabar da safe.

Ba tarko na ɗana wa Baba ba. Na buga waya gidansa, ya ƙi karɓa, na bar saƙo a wurin direbansa, kalma bayan kalma: ranar Asabar ɗan sanda zai kasance a gidana, kada Baba ya wahalar da kansa. Daga baya na ji da aka gaya masa dariya ya yi, ya ce barazanar 'yan rediyo ce.

Asabar ta zo da yayyafi. Ɗan sandan ya iso ba kayan sarki, matata ta kai masa shayi a shed, ya tsaya a gefe yana duba lambar bindigar da ta lasisi. Na kwance ta sashe-sashe na jera a kan benci. Maƙwabcina ya leƙo ta saman shinge da hularsa ta aiki, ya ce, "Malam, yau ne za a yanka ragon?" Na ce yau ne. Ya ce, "Ka ajiye mini kai da ƙafa." Na ɗaure silaid ɗin a injin, na kunna, ƙarar ta cika ɗakin. Ban kai ga taɓa ƙarfen ba na ga hasken ƙofa ya dushe.

Baba ne, da farar shadda da lema a hannu, matata a bayansa fuskarta kamar an zare mata jini.

Na kashe injin. Ƙasan shed ɗin cike yake da ɓarɓashin ƙarfe mai kaifi kamar reza, ban taɓa shiga ba takalmi ba. Na cire takalmin na durƙusa. Na ji wani ya shige mini tafin ƙafa, ban motsa ba. Na ce, "Barka da zuwa, Baba. An zo lafiya?"

Bai amsa ba. Ya dubi Baturen, ya dubi abin da ke ɗaure a injin, ya yi magana da Hausa, a hankali, yana murmushi don kada baƙon ya gane. "Ka ce masa ka fasa. Ka ce kana son ƙarin lokaci, wa'adi bai cika ba. Ya tafi, mu yi magana irin ta manya."

"Ban fasa ba, Baba."

"Ni nake maka magana. Abin nan nawa ne tun ranar da na yaba shi, kai ma ka sani. Kana so ka tozarta ni a gaban arne da 'yar ƙanwata?"

Ɗan sandan ya ajiye kofinsa. Ba ya jin Hausa, amma aikinsa ne ya ji abin da ke ƙarƙashin murya. Ya tambaye ni da Turanci ko akwai matsala, kuma me dattijon yake cewa.

Rayuwata duka fassara ce, kuma abin alfaharina shi ne ban taɓa ƙara wa magana gishiri ko in rage mata ba. Baba yana jin Turanci sarai, da shi yake ciniki. Na ga hannunsa ya ƙanƙame lemar. Jimla ɗaya ta gaskiya daga bakina, da dattijon nan ya kwana yana amsa tambayoyi a kan kwantenarsa. Na ce wa ɗan sandan, "Wannan surukina ne, uba ne a wurina. Ya taɓa ganin aikin nan ya yaba, kuma ba ya son ya ga an lalata shi." Babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Abin da na bari a baya kuwa, ba na hukuma ba ne, tunda ba zai faru ba.

Baturen ya gyaɗa kai ya ce wa Baba shi ma bai ji daɗi ba, aiki ne mai kyau.

Na miƙe, na mayar da takalmina a kan jinin, na ce, "Baba, a ba ni izini, zan ci gaba da aiki." Ban jira izinin ba. Na kunna injin.

Abin da na yi sanyi biyu ina lallaɓawa, ina cire masa abin da bai kai kaurin gashi ba ina aunawa, na tura masa wuƙar injin ta tsakiya ba tausayi. Ƙarfen ya yi wata ƙara da ban taɓa bari ya yi ba. Hannuna ya so ya sassauta don sabo, na hana shi. Ya rabe biyu, na sake ɗaurewa na sake yankawa. Na bi sauran sassan ɗaya bayan ɗaya, ɗan sandan yana nuna mini inda yake so a raba don kada wani ya iya haɗawa. Idona ya yi ta ruwa, na bar shi a kan hayaƙin mai ne. Maƙwabcina da ba ya rufe baki, ranar ya cire hula ya riƙe a ƙirji.

Na ɗauka Baba zai juya tun yankan farko. Bai tafi ba. Ya tsaya a bakin ƙofa yayyafi yana jiƙa masa bayan riga har na kashe injin, ɗan sandan ya kwashe guntayen ya zuba a jaka. Sannan ya juya wurin matata ya ce, "Ke, dutse kika aura." Ya buɗe lemarsa ya fita.

Matata ta raka shi har mota, bai waiwayo ba. Da ta dawo ta tarar da ni zaune ina ƙoƙarin cire takalmi. Ta kawo ruwan zafi da hantsaki, ta durƙusa ta zare mini ƙarfen daga tafin ƙafa, ba a hankali ba. Ta ce, "Da ka bar takalminka, ai ba zai lura ba." Na ce ni zan lura. Ba ta sake yi mini magana ba sai bayan kwanaki.

Abin da ta hango ya faru. Labari ya zaga cewa na kira wa surukina 'yan sanda, kuma ba wanda ya tsaya jin yadda aka yi. A gidajen suna mata suka riƙa yin shiru idan ta shigo. A masallaci wani ya ce mini Baturen maƙera, na ce masa aƙalla ya haɗa da maƙeran. Ban bi kowa da bayani ba, domin bayanin zai buƙaci in faɗi abin da Baba ya nema, kuma wannan na riga na yanke ba zai fita daga bakina ba yana raye.

Duk bazarar da ya zo London na je gaishe shi. In cire takalmi, in durƙusa, in ce, "Baba, an zo lafiya?" Ya ci gaba da kallon talabijin. In yi zamana gwargwadon yadda ya dace, in ce, "Na bar ka lafiya," in tashi. Matata ta ce in daina wulaƙanta kaina, na ce ba don ya amsa nake zuwa ba. Haka muka yi har ya sayar da gidan ya koma Kano gaba ɗaya, kuma har Allah ya karɓi ransa bai amsa mini ba. Ina yi masa addu'a, domin shi ya ba ni uwar 'ya'yana. Amma da za a mayar da ni falon nan a sake tambayata, amsar da na ba shi ita zan sake bayarwa, da kalmomin da na yi amfani da su.

Abin da na koya shi ne, mu Hausawa mun daɗe muna haɗa girmamawa da biyayya a ƙwarya ɗaya har mun ɗauka abu ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Babba yana da haƙƙin ka durƙusa masa, ka sassauta murya, ka rufa masa asiri ko da yana cikin fushi da kai, kuma wannan haƙƙi ba ya faɗuwa don ya nemi abin da bai dace ba. Amma iyakarsa ke nan. Gwiwata ta Baba ce, na ba shi har ƙarshen ransa. Abin da hannuna zai aikata kuwa, ni za a tambaya, don haka ban ba kowa ba.